Wa Ya Hana a Gama Otal ɗin Gindin Zuma?

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna daga Abuja a shekarun 1990 ko na 2000, da zarar ya wuce Zuba ya bar Madalla a baya, abu biyu ne ke tare masa ido. Na farko Dutsen Zuma, wanda ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasar da ke kewaye da shi, mulmulalle, da zanen da ruwan sama ya yi masa daga bisa har ƙasa. Na biyu wani farin bene a gindinsa, babba, mai tagogi birjik amma babu ko gilashi ɗaya a jikinsu, ciyawa ta kewaye shi, ba hayaƙin girki, ba mota a ƙofa. A takarda sunansa Suleja International Hotel. A bakin direbobi da yaran mota kuwa, otal ɗin aljanu ake ce masa, kuma bai taɓa saukar baƙo ko ɗaya ba.

Mu da muka tashi a Bwari mun san ginin nan tun kafin mu san abin da ake yi a otal. Bwari na cikin ƙasar tsohuwar masarautar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, don haka dangi da ciniki da biki duk can suke jan iyayenmu. A hau mota a gangara Dutse, a bi ta Kubwa, a faɗa Zuba, sannan a miƙe. Da dutsen ya bayyana sai motar ta yi tsit. Wata tsohuwa za ta ce, "Yara, ku yi bismillah, kar wanda ya nuna da yatsa." Mu kuwa sai mu manne da taga muna neman fuskar nan ta jikin dutse, ido biyu da hanci da baki, muna auna ko da gaske otal ɗin take kallo. Wani dattijo ya ce wa direba, "Malam direba, taka ta mu wuce nan kafin magariba." Idan mun koma gida, labarin sai ya ƙara tsawo a dandali. Wai magina in sun yi gini da rana, da dare sai a rushe. Wai ana jin kiɗa da buɗa a hawa na sama. Wai Turawan da suka karɓi aikin sun gudu da tsakar dare ko kayansu ba su ɗauka ba. Wai masu dutsen ne suka ce ba a nemi izininsu ba. Kowane yaro yana da ɗan'uwan da ya san wani da ya shiga bai fito daidai ba, amma ba a taɓa samun wanda ya san sunan mutumin ba.

Ni Musulmi ne, ban musanta akwai aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su. Amma yarda da samuwarsu daban, ɗora musu alhakin kwangilar gwamnati daban. Wannan na biyun yana buƙatar hujja, kuma idan aka bi sawun labarin, sai a tarar ya girmi otal ɗin da shekaru masu yawa.

Lokacin da Fulani masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya sauka wajen Zuba a ƙasar Koro. Bayan rasuwarsa a 1825 ƙaninsa Abu Ja ya gaje shi, shi ne ya kafa garin Abuja a 1828. Sun tarar da dutsen yana da masu shi: Gbagyi suna noma a kewayensa, kuma a cikin kurmin da ke gindinsa akwai wani ƙauye na Koro wanda mutanensa ke tsaron tsafin dutsen. Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi, waɗanda suka rubuta tarihin Abuja da aka buga a 1952, sun kawo yadda ake tsoron kurmin nan, da yadda ake aika baƙin sa da baƙin bunsuru da baƙin kare domin yanka. Baƙo ba ya shiga. Ana ba da labarai masu tayar da tsikar jiki a kan sarkin tsafin wurin da abin da yake yi wa wanda ya kutsa.

Sai dai marubutan nan ba su tsaya a nan ba, kuma wannan ne ɓangaren da ba a ba mu a dandali. Sun ce an yi tawaga, da Di'o da Sulaimanu Barau a ciki, aka ƙi jin masu cewa kar a je, aka ratsa kurmin har ƙauyen. Abin da suka tarar shi ne mutane kamar kowa, da gidajensu da gonakinsu, suna al'adar kakanninsu. Suka gaisa, suka dawo lafiya. Sulaimanu Barau ya hau gadon sarauta a 1944, ya yi shekara 35 yana mulki, har aka sa wa garin sunansa. Ke nan tun kafin a haƙa harsashin otal ɗin, an riga an gwada tsoron Zuma an ga iyakarsa. Kurmin ya ja baya, titi ya ratsa, amma labarin bai mutu ba, yana jiran wurin da zai sauka. Da farin benen ya tsaya babu kowa a ciki, sai ya samu masauki.

To, wa ya kawo shawarar gina katafaren otal a gindin dutse, nesa da gari? Idan ka kalli wurin da idon yaron 1995, za ka ce wauta ce. Idan ka kalle shi da idon mutumin 1980, lissafi ne mai kyau.

A ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta fitar da Doka ta 6, wadda ta kafa sabon babban birnin tarayya bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. A ranar ce kuma aka ƙirƙiri Jihar Neja. Kaso mafi girma na filin da aka yanka wa birnin daga ƙasar masarautar Abuja ya fito, har da Bwari. Masarautar ta ba da ƙasa, ta ba da suna, ta koma Suleja. Amma da aka ja layin iyaka, garin da dutsen duka suka faɗa waje, cikin Jihar Neja. A shekarun farko hakan bai zama asara ba, don sabon birnin daji ne zalla. Hukumar raya birnin, FCDA, a Suleja ta kafa sansaninta, wurin da har yanzu ake kira Field Base. Injiniyoyi da masu awon ƙasa da 'yan kwangila na gida da na waje a Suleja suke kwana, da safe su shiga daji, da yamma su dawo. Ɗakin kwana ya yi wuya, kuɗin haya ya tashi.

A cikin wannan yanayi aka yi zaɓen 1979, Alhaji Muhammadu Awwal Ibrahim, ɗan gidan sarautar Suleja, ya zama gwamnan farar hula na farko a Jihar Neja ƙarƙashin jam'iyyar NPN. Gwamnatinsa ce ta ɗauko aikin otal ɗin. Shugaba Shehu Shagari yana gaggawar a tare a Abuja, har bikin 'yancin kai na 1 ga Oktoba 1982 a can ya yi shi, alhali birnin bai da masaukin da zai ɗauki manyan baƙi da yawa. Ga babbar hanyar da ta haɗa Kaduna da Kano da sabon birni ta bi ta gindin dutsen. Ga cibiyar tukwane da Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi suna har Turai da Amurka. Ga gangaren ruwan Gurara ba nisa. Kuma zamanin ne na otal ɗin gwamnati: Kaduna na da Hamdala da Durbar, wanda aka gina domin hawan dabar bikin FESTAC na 1977, Kano na da Daula da Bagauda da na Tiga, Minna na da Shiroro. Jihar da ta ba da ƙasar babban birni tana so ta tsaya a bakin ƙofa ta tari baƙinsa. Ban ga laifin wannan buri ba.

Abin da ya karya shi yana da kwanan wata. A 1980 da 1981 gangar ɗanyen mai ta haura dala 35, kuma a kan wannan farashin gwamnatoci suka yi kasafinsu. Sai kasuwar duniya ta cika da mai, masu saye suka ja baya. Tsakanin 1980 da 1983 kuɗin da Nijeriya ke samu daga mai ya ragu da fiye da rabi. A watan Afrilun 1982 Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya daga waje. Jihohi, waɗanda kusan duk abin da suke kashewa daga kason tarayya yake zuwa, suka fara kasa biyan albashin malaman makaranta, balle 'yan kwangila. Ɗan kwangila kuwa ba ya aiki da alkawari. Idan takardar biyansa ta yi wata da watanni a ofis, sai ya sallami leburori, ya kwashe injinansa, ya sa maigadi. Wataƙila wannan ita ce guduwar Turawa da tsakar dare da aka ba mu labari muna yara, kuma a shekarun nan an yi irinta a kowace jiha, har a wuraren da babu dutse ko kurmi.

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da jamhuriya ta biyu, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau mulki, aka tura David Mark gwamnan soja a Neja. Gwamnatin da ta haifi aikin ta tafi, wadda ta zo ta tarar da bashi da baitulmali wayam, kuma kallon zargi take yi wa duk wata kwangilar 'yan siyasa. A ƙasarmu aikin da ya rasa ubansa a gwamnati maraya ne, kowa yana son ya fara nasa ya sa sunansa a allo.

Da a ce abin ya tsaya a nan, da wataƙila bayan shekara uku ko huɗu wani ya waiwaye shi. Amma a 1986 farashin mai ya sake faɗuwa har ƙasa da dala 15, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, aka saki naira a kasuwar canji a watan Satumba. Nan ne, a ganina, aka rufe ƙofar otal ɗin da gaske, kuma dalilin yana cikin yadda ake gina otal. Gangar jikin gini, wato siminti da rodi da bulo, ita ce mai sauƙi, kuma ita ce ido ke gani daga titi har mutum ya ce ai saura kaɗan a gama. Tsadar tana ciki: lif, injinan sanyaya ɗakuna, janareto, famfuna da tukwanen ruwan zafi, kayan kicin, wayoyin lantarki, gilashi, kafet, gadaje. A wancan zamani kusan dukkansu daga waje ake sayo su da dala. A 1980 dala ɗaya ba ta kai kobo 60 ba. A 1987 ta kai wajen naira 4. A 1993 farashin gwamnati ya kai wajen naira 22. Duk kuɗin da aka ware a takarda domin kammala aikin ya narke, kuma kowace shekara aka ƙara jira, sai giɓin ya ƙara faɗi. Ga kuma damina tana nata aikin. Ginin da ba a rufe tagoginsa ba yana shan ruwa, ruwa ya ratsa siminti ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga simintin daga ciki. Mai zuba jari da ya zo bayan shekara 15 ba kammalawa kaɗai zai biya ba, sai ya fara biyan injiniya ya gwada ko ginshiƙan za su iya ɗaukar nauyi.

Dalili na ƙarshe shi ne wanda ya fi yi mini ciwo, domin Abuja ce da kanta ta kashe kasuwar. A 1987 aka buɗe Nicon Noga Hilton a Maitama. Sheraton ta biyo baya a 1990. A watan Yunin 1991 shugabannin Afirka suka yi taron ƙungiyar OAU a Abuja, kuma a cikin birni aka sauke su. Ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya tare. Daga ranar, minista ko jakada ko ɗan kasuwar da ya sauka a filin jirgi ba shi da dalilin barin birni domin ya kwana a gindin Zuma. Waɗanda Abuja ta turo wa Suleja da Madalla su ne ƙananan ma'aikata da leburori da 'yan tireda da ba za su iya biyan hayar birni ba, mutanen da ke neman ɗaki ɗaya da tsakar gida. Garin ya cika ya batse da jama'a, amma ba irin baƙin da aka zana otal ɗin dominsu ba. An yi tanadin tarbar manya a bakin ƙofa, sai manyan suka wuce ciki, aka bar wa mai ƙofa nauyin ruwan sha da shara da cunkoson hanya, ba tare da kason da birnin tarayya ke samu ba.

Saura kiɗan dare da buɗa. Duk wanda ya taɓa shiga babban kangon bene ya san ba ya yin shiru. Iska tana shiga ta tagogi ɗaruruwa tana fita ta matattakala da ramin lif, tana fito kamar sarewa, musamman da hunturu. Jemagu da mujiya suna son irin wurin. Ga katangar dutse a kusa tana maido da kowace ƙara, ko ƙahon tirela ne daga titi. Fuskar da muke nema kuwa aikin ruwa da rana ne a jikin dutse shekaru dubbai, idon ɗan Adam kuma da ya ga ɗigo biyu da layi a ƙasansu sai ya haɗa fuska. Kuma in da masu dutsen sun hana gini, da sun hana saura. Titin Kaduna ya zama tagwaye a gindinsa. An gina barikin soja mai sunan Zuma. Kasuwar Madalla tana ci. Daga baya 'yan kasuwa sun buɗe wurin shaƙatawa da masauki a kusa da dutsen, baƙi suna kwana suna tashi. Matasa suna hawa har ƙololuwarsa su ɗauki hoto su sa a Facebook. A Disamba 1999 Babban Bankin Nijeriya ya sa hoton dutsen a bayan takardar naira 100, ya shiga aljihun kowa.

Irin wannan kango ba mu kaɗai ke da shi ba. A Piyongyan, babban birnin Koriya ta Arewa, an fara otal mai hawa 105 a 1987, aikin ya tsaya a 1992 bayan rushewar Tarayyar Sobiyet da ke tallafa wa ƙasar, ya yi shekara 16 ba a taɓa shi ba. Can kowa ya san kuɗi ne suka ƙare. A nan kuwa mun samu labarin da ya fi na kuɗi daɗin ji, muka riƙe shi, kuma riƙon ya yi mana illa. Yaron da aka ce masa aljanu ne suka hana, ba zai girma ya tambayi nawa aka ware, nawa aka biya, wa ya karɓa, me ya sa gwamna bayan gwamna ya wuce ta gaban ginin a kan hanyarsa ta Minna zuwa Abuja bai tsaya ba. Kuɗin talakan Neja ne aka zuba a wurin, na manomin doya da mai sayar da tukwane. Sannan labarin ya shafa wa Koro da Gbagyi baƙin fenti, kamar al'adar kakanninsu ce ta kori ci gaba, alhali su ne suka rasa gonaki da kushewu domin a gina wa ƙasa babban birni.

Bwari ta koya mini ɗaya ɓangaren lissafin. Ba wanda ya gina mana otal mai tauraro biyar. A 1996 aka ba Bwari ƙaramar hukumarta, a 1997 Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta dawo da hedikwatarta daga Legas, hukumar JAMB ma ta zauna a garin. Baƙi suka fara zuwa da dalili: ɗalibai, iyayen da suka zo bikin rantsar da 'ya'yansu, masu bin sakamakon jarrabawa. Sai ƙananan masaukai suka tsiro ɗaya bayan ɗaya, ɗaki goma nan, ashirin can, da masu abinci da masu wanki da 'yan acaɓa a kewayensu. Haka zango yake tun zamanin fatake, inda ayari ke yada kaya nan ake kafa rumfa. A Agustan 2000 Shugaba Bill Clinton na Amurka ya zo har Ushafa ya ga masu ginin tukwane, ya koma birni ya kwana, kamar yadda duk babban baƙo zai yi.

Kuma tsohon otal ba dole ne ya mutu a matsayin otal ba. Otal ɗin Bagauda da ke bakin tafki a Jihar Kano, na zamanin Gwamna Audu Bako, ya yi tashe, ya yi sanyi, baƙi suka ɗauke ƙafa. Maimakon a bar wa jemagu, sai aka miƙa shi ga Makarantar Horar da Lauyoyi ya zama reshenta na Kano. Bambancinsa da na Zuma shi ne an gama shi, an rufe shi daga ruwa, kuma an samu waɗanda suka zauna suka tambayi wa ke buƙatar ɗakuna masu yawa a wuri mai nisa da hayaniya. Suleja da Madalla da Zuba, da yawan jama'ar da Abuja ta juye musu, sun daɗe suna buƙatar gadajen asibiti da ajujuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma an yi shekaru ginin gindin Zuma yana da ƙarfin da zai ɗauki ɗaya daga cikinsu. Kowace shekara daga hedikwatar Bwari ake raba sunayen ɗaliban lauya zuwa rassa, waɗanda aka tura Kano su ɗauki jakunkunansu su bi ta Zuba da Madalla, su wuce gindin dutsen, su je su yi karatun shekara guda a harabar tsohon otal ɗin Bagauda.